Gwajin Jinin Shanu: Me Zai Ƙara Wa Falke Da Mahaucin Nima?

Galibin naman da ake sayarwa a Nima da Mamobi na shanun da aka sauke a karar Tulaku ne da ke Ashaiman, bayan doguwar tafiya daga Barkina Faso, Mali da Nijar ta iyakar Paga. A can ido ne ma'auni: dillali ya dubi tozo, ya taɓa cinya, a yi ciniki. A ƙasashen Turawa kuwa wani ma'aunin ya shigo tun wajen shekarar 2000, lokacin da aka fara sayar da gwajin GeneSTAR a Ostareliya. Da ɗan jini ko gashin wutsiya ake duba alamomin gado, a yi hasashen irin naman da maraƙi zai bayar tun yana tsotso.

Biyu daga cikin alamomin sun shafe mu. Akwai sinadarin kalfain, mai sassauta tsoka bayan yanka har nama ya yi taushi, akwai kuma kalfastatin, mai taka masa birki. Bincike ya nuna cewa shanu masu tozo, dangin Bunaji da Bokoloji da Azawak, sun fi na Turai ƙarfin wannan birki, shi ya sa namansu ya fi tauri. Mai tsire da mai miyar tuwo ba su damu ba, wuta za ta yi aikinta. Manyan otal-otal da kantunan Akra ne suka damu, kuma su ne ke biyan kuɗi mai tsoka kan naman sanyi na ƙasashen waje. Wannan kasuwar ce ke kuɓuce wa mahautanmu.

To amma kada falke ya yi saurin ba da kuɗinsa don takardar gwaji. An auna yawancin alamomin nan ne a kan shanun Turai da Amurka (saniyar da aka bayyana taswirar gadonta a 2009 ma 'yar jinsin Hereford ce), kuma abin da ya tabbata a kansu ba lallai ya tabbata a kan Rahaji ba. Sannan gado wani ɓangare ne kawai. San da ya tsufa yana huɗa, ko ya kwana biyu a mota ba ruwa ba ciyawa, aka yanka shi a gajiye, namansa kan yi duhu ya saurin lalacewa, komai kyan jininsa. Hutu kafin yanka da ajiye nama kwanaki a ɗakin sanyi sun fi gwaji araha.

Inda gwajin zai yi rana shi ne wajen zaɓen bijimin barbara, kuma wannan aikin cibiyoyi ne irin su NAPRI ta Shika a Zariya da Jami'ar Gana da ke Legon. A nan ma sai an kula, domin Muturu da Ndama ƙanana ne, amma suna jure sammore a kudancin Gana, inda tsando ke kayar da manyan shanu.