Tsakiyar wasa ce ke cinye data da kuɗinka: tsari ne magani, ba sayen garkuwa ba

Duk wanda ya taɓa buga gem ɗin gina daula a sararin samaniya ya san wannan ranar. Ka kwana kana da tasha, da jiragen haƙar ma'adinai, da rumbu cike da kaya. Da safe ka kai waya wajen mai caji a kasuwar Tsafe ko Tudun Wadan Gusau, ka karɓo ta da rana, ka buɗe, sai ka tarar an yi maka ƙarƙaf. Kafin ka gama salati, wasan ya turo maka tallan garkuwa da sababbin jirage a farashi mai "rangwame".

Ra'ayina shi ne kada ka saya. Matsin da ke zuwa a tsakiyar wasa da tsari ake tsallake shi, kuma wanda ya saba biyan kuɗi a wannan matakin ba zai daina ba.

Dalili kuwa a fili yake. Wasannin waya irin su Star Trek Fleet Command, wanda Scopely ya fitar a 2018, suna kare sabon ɗan wasa a farko. Da ka kai wani mataki sai kariyar ta ɗauke, kowa ya iya kai wa tasharka hari ko kana kan layi ko ba ka nan. Wanda ke Jamus ko Amurka yana da wuta da intanet dare da rana. Kai da ke Bungudu kana lissafin kashi nawa ya rage a batir, ga data ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025. Mu ne kuma muka ga an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara a Satumban 2021, aka yi makonni babu sabis. Idan dabararka ta dogara da kasancewa kan layi kullum, ko da sabunta garkuwar kuɗi, to ba dabarar ɗan Zamfara ba ce.

Darasin da ya fi amfani na same shi ne a Stellaris, wasan kwamfuta na kamfanin Paradox da ya fito a 2016, inda ba a sayar maka da jirgin yaƙi a tsakiyar fama. Ana fara shi a shekarar 2200, tsakiyarsa kuma tana kamawa daga 2300 idan ba ka sauya saiti ba. A daidai nan ne maƙwabta ke gama mamaye filin da babu kowa, su juyo kanka. Abubuwa huɗu ke ceton mutum, kuma dukansu suna aiki a wasannin waya.

Na farko, daina faɗaɗa ƙasar da ba za ka iya tsarewa ba. A Stellaris jirage kan bi hanyoyi ne ƙayyadaddu tsakanin taurari, don haka tauraro ɗaya da hanyoyi suka haɗu a kansa ya fi goma da ke warwatse. Gina babbar tashar tsaro a can, kamar yadda magabata suka zagaye birni da ganuwa suka bar ƙofofi kaɗan.

Na biyu, kada ka bari rundunarka ta zama abin raini. Daulolin da kwamfuta ke sarrafawa suna auna ƙarfin jiragenka da nasu kafin su ayyana yaƙi, haka ma 'yan wasa suke yi. Wanda ya zuba komai a bincike da gine-gine ya bar ƙarfen ƙera jirage, ya yi wa wani kiwo ne. Leƙa kuma irin jiragen maƙwabcinka: makaman harsashi sun fi cin garkuwar lantarki, na haske kuma sun fi huda sulke. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, shiga ƙawance da wuri, tun kafin ka buƙace shi. Yarjejeniyar tsaro da maƙwabci ɗaya takan sa mai neman faɗa ya sake tunani. A waya kuwa, nemi ƙungiyar da ke da mambobi a wasu nahiyoyi, waɗanda suke farke lokacin da kake barci ko wayarka take wajen caji. Kafin ka sauka daga layi, kashe kayan da ka tara a kan gini ko bincike. Rumbun da babu komai ba ya jan ɓarawo.

Na huɗu shi ne mafi ɗaci: koyi ja da baya. A ƙarin Apocalypse na 2018 akwai Babban Khan, wanda ke haɗa kan mayaƙan fashi a tsakiyar wasa ya taso da rundunar da ta fi ƙarfin yawancin dauloli. Wasan ya ba ka damar miƙa wuya, kuma Khan ɗin ba ya dawwama, bayan mutuwarsa daularsa takan sauya ko ta tarwatse. Wanda ya adana jiragensa shi ke tashi daga baya. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, a cikin wasa.

Na san abin da wasu za su ce: kuɗina ne, kuma garkuwar kwana uku ba ta kai kuɗin cin abinci a waje ba. Gaskiya ne, kuma masu ƙera wasa su ma sai sun ci abinci. Idan kana jin daɗin wasan, ka saya musu wani abu da ranka ya so, da rana tsaka, hankalinka kwance. Abin da nake ƙi shi ne sayen da ake yi cikin fushi, minti biyar bayan an ragargaza ka. An tsara tallan ya zo a wannan lokacin ne da gangan, kuma wanda ya buge ka yau zai dawo ranar da garkuwar ta ƙare.

Saboda haka, idan aka sake share maka tasha, rufe tallan. Duba rahoton yaƙin ka ga ta ina aka shigo, da wane makami, da ƙarfe nawa. Gyara abu ɗaya kafin ka kwanta. Kuɗin kuma bar shi ga datar gobe.