An Daina Ƙera Manyan Jiragen Sama Masu Bene: Ina Ruwan Ɗan Kasuwa Da Maniyyaci?

A ranar 31 ga watan Janairu na shekara ta 2023, kamfanin Boeing na ƙasar Amurka ya miƙa jirgi na ƙarshe samfurin 747 ga mai sayensa, ya kuma rufe aikin ƙera shi bayan sama da shekaru 50. Kafin nan, cikin watan Disamba na 2021, kamfanin Airbus na Turai shi ma ya miƙa jirgi na ƙarshe samfurin A380. Ke nan a yau babu wata masana'anta a duniya da ke ƙera jirgin fasinja mai bene. Waɗanda ke tashi yanzu su ne suka rage, kuma kullum tsufa suke yi.

Mai saida kanwa ko atamfa a kasuwar Gure zai iya cewa ina ruwansa da wannan labari na Turawa. To, akwai ruwansa ta hanya biyu. Ta farko ita ce aikin hajji, wanda iyayenmu mata ke shafe shekaru suna adashi saboda shi. Ta biyu kuwa ita ce fatauci, domin kaya masu yawa da ke cikin shagunanmu daga Dubai da Sin suke fitowa, kuma kuɗin jirgin da babban ɗan kasuwa ya biya, a kan mai sari da mai saye yake ƙarewa.

Bari mu fara da sanin jiragen. Boeing 747 shi ne mai ƙusumbi a gaba, wanda benensa bai kai har wutsiya ba. Ya fara tashi a 1969, ya fara ɗaukar fasinja a 1970, kuma an ƙera guda 1,574. Shi ne jirgin da alhazanmu da yawa suka sani. Shi kuwa A380 benensa daga kai har wutsiya ne. Ya fara tashi a watan Afrilu na 2005 a birnin Tuluz na Faransa, ya fara aiki a watan Oktoba na 2007 da kamfanin Singapore Airlines. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ya kai kusan mita 80. An yarje masa ɗaukar mutum har 853, amma galibin kamfanoni kujeru 500 ko kusa da haka suke sa masa, wato kimanin mutanen da za su cika manyan motocin bas 7 masu kujera 70. Tankinsa na cin mai kusan lita 320,000. Idan motar tanka ɗaya na ɗaukar lita 40,000, sai an juye tanka 8 kafin ya ƙoshi. Farashinsa a takarda a 2018 ya kai dalar Amurka miliyan 445, abin da ya haura miliyar 200 na kuɗin sefa.

Duk da wannan girma, guda 251 kawai aka saida, kuma 123 daga cikinsu kamfani ɗaya ne ya saye su, wato Emirates na Dubai. Da shi ma ya rage odarsa, sai Airbus ya ba da sanarwa a watan Fabrairu na 2019 cewa zai daina ƙera shi.

Dalilin wannan rashin kasuwa ba zai yi wa mai zuwa tasha wuyar ganewa ba. Babbar mota ba ta da riba sai ta cika. Idan direba ya tashi da rabin kujeru daga Gure zuwa Damagaram, gazuwal ɗin da zai ƙona bai ragu da rabi ba, kuma kuɗin yaran mota da na hanya suna nan yadda suke. Haka jirgin sama yake. A380 inji huɗu gare shi, kowane inji kuma yana shan mai, yana buƙatar gyara. Cika kujeru 500 kowace rana, rani da damina, sai a ƴan hanyoyi ƙalilan kamar Dubai zuwa Landan. A da, dokokin tsaro ba su barin jirgi mai inji biyu ya yi nisa da filin sauka, shi ya sa ƙetare teku sai mai inji uku ko huɗu. Tun daga shekarun 1980 aka fara sassauta wannan doka saboda injuna sun ƙara aminci. Daga baya aka fito da jirage masu inji biyu irin su Boeing 777 da 787 da Airbus A350, waɗanda ke zuwa duk inda babban ke zuwa, suna ɗaukar mutum 250 zuwa 400 da mai kaɗan. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai kuma matsalar fili. A380 yana buƙatar titi mai faɗi, da wurin juyawa, da gadojin da fasinja za su bi su shiga hawa na sama da na ƙasa. Filin da bai kashe kuɗi ya yi wannan gyara ba, ba zai karɓe shi a kai a kai ba.

Annobar korona ta 2020 ita ta ƙarasa abin da kasuwa ta fara. Jirage suka zauna a ƙasa wata da watanni. Air France ya sallami dukkan A380 ɗinsa a wannan shekara. British Airways da KLM da Qantas suka sallami 747 ɗinsu. Malaysia Airlines, wanda ya taɓa ware A380 domin jigilar alhazai da masu umara, shi ma ya rabu da su a 2022, haka China Southern na ƙasar Sin. An kai jirage da yawa wuraren ajiya masu busasshiyar iska a Turai da Amurka da Ostareliya, wasu kuma aka farke su aka saida kayan gyara.

To amma labarin bai ƙare nan ba. Da aka buɗe iyakoki, matafiya suka dawo da yawa fiye da yadda kamfanoni suka zata, ga shi kuma sababbin jiragen da suka yi oda ba su iso ba. Babban misali shi ne Boeing 777X, wanda aka sa ran fara miƙa shi a 2020, amma har ƙarshen 2025 ko guda ɗaya bai shiga hannun mai saye ba. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Qatar Airways ya maido da A380 ɗinsa bakin aiki a ƙarshen 2021, Lufthansa na Jamus da Etihad na Abu Dabi suka maido da nasu a 2023. Zuwa shekara ta 2025, kamfanoni kusan 10 ne ke aiki da shi: Emirates mai sama da guda 100, British Airways da Singapore Airlines masu 12 kowanne, Qantas mai 10, Lufthansa mai 8, ANA na Japan mai 3, sai Qatar Airways da Etihad da Korean Air da Asiana. Shugabannin Emirates sun sha faɗin cewa suna son su ci gaba da aiki da shi har wajen 2040, kuma suna kashe kuɗi masu yawa wajen sabunta kujerunsa. Shi kuwa 747 na fasinja, a 2025 manyan kamfanonin da suka rage da shi a jadawalin yau da kullum su ne Lufthansa da Korean Air da Air China. Sauran galibi na dakon kaya ne ko na haya.

Idan muka dawo gida, babu kamfanin wata ƙasar Afirka da ya taɓa mallakar A380. A Afirka ta Yamma, Air France ne ya riƙa kai shi Abijan daga 2014, Emirates kuma ya kai shi Akara sau ɗaya a 2018 lokacin da aka buɗe sabon ginin filin jirginsu. Wanda ya taɓa rayuwarmu shi ne 747. Kamfanin Kabo Air na Kano, wanda marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a 1980, ya yi shekaru yana kwasar alhazai da shi kafin jiragensa su daina tashi. Bayansa Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal, ɗan kasuwar Katsina, ya sayi 747-400, ya yi jigilar alhazan Najeriya, kuma a shekarun baya ya yi ta alhazan Nijar daga Yamai. Waɗannan jirage ba sababbi aka saye su ba. Kwance ne da manyan kamfanonin duniya suka gama cin moriyarsu.

Me ya sa tsohon jirgi mai shan mai ya dace da aikin hajji? Saboda hajji aiki ne na ƴan makonni, kuma kujerun zuwa a cike suke. Mai jirgi ya saye shi da araha, saboda haka ko ya ajiye shi watanni bayan an gama jigila, bashin banki ba zai karya shi ba. Ga kuma lissafin sahu. Kujerun da Saudiyya ta ba Nijar a 2023 guda 15,891 ne. Da jirgi mai ɗaukar 500, sahu 32 ya isa a kwashe su. Da mai ɗaukar 300 kuwa sai an yi sahu 53. Kowane sahu yana buƙatar izinin sauka a Jidda ko Madina a daidai lokacin da duniya duka ke rububin wannan izini. Najeriya, mai kujeru 95,000 a wannan shekara, lissafinta ya fi namu nauyi nesa ba kusa ba.

Tsofaffin 747 ɗin nan ba za su dawwama ba. Kayan gyaransu na ƙara wuya, matuƙa da makanikan da suka san su suna ritaya. A380 kuma da wuya ya gaje su a wannan yanki, saboda filayenmu ba a gina su dominsa ba, kuma tsadar gyaransa ta fi ƙarfin ƙananan kamfanoni. Malaysia ta gwada shi a aikin hajji ta bari. Abin da zai gaje su shi ne A330 da 777, waɗanda tuni kamfanoni irin su Flynas na Saudiyya da Air Peace na Najeriya suka shigo da su wannan aiki. Ke nan sahu zai ƙaru, kuma idan ba a tsara jadawali da wuri ba, zaman jiran jirgi zai ƙara tsawo. Wannan ya fi shafar mutumin Gure da Tesker da Kelle, wanda sai ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000 kafin ya kai Yamai. Kowace rana da ya ƙara a can, kuɗin abinci da na masauki daga guzurinsa suke fita.

Amma akwai alheri a cikin wannan canji. Matsakaicin jirgi bai da buƙatu irin na babba wajen fili, kuma cika shi ya fi sauƙi. Wannan hujja ce ga mutanen jihohin Damagaram da Difa su riƙa neman a ci gaba da inganta filin jirgin Damagaram, a kuma sa shi cikin jadawalin hukumar COHO mai shirya hajji da umara a kowace shekara, domin a rage wa tsofaffi wahalar hanya.

Game da tsaro, ya kamata a fahimci abu ɗaya. Shekarun jirgi kaɗai ba su ke kawo haɗari ba, sakaci wajen kulawa ne ke kawo shi. Idan ba a manta ba, a ranar 11 ga watan Yuli na 1991, wani jirgi samfurin DC-8 da aka yi haya domin maido da alhazai Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda, mutum 261 suka rasu. Bincike ya nuna cewa tayoyi ne da iskarsu ba ta cika ba, an kuma san da haka aka bar jirgin ya tashi domin gudun ɓata lokaci. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce wa ke duba jirgin, kuma wace hukuma ce ta ba shi takardar izini.

Ta ɓangaren fatauci kuwa, abin ya zo da sauƙi. Mutane da yawa na ɗauka cewa babban jirgi shi ya fi ɗaukar kaya. A wajen A380 ba haka ba ne, domin jakunkunan fasinjan hawa biyu su ke cinye mafi yawan ɗakin kaya da ke ƙasa. Boeing 777, mai hawa ɗaya da dogon ciki, ya fi shi barin wuri domin kayan ƴan kasuwa. Shi ne irin jirgin da Emirates ya koma Legas da shi a watan Oktoba na 2024, bayan kusan shekaru 2 da dakatar da zuwa Najeriya. Ɗan kasuwar Damagaram da ke zuwa Dubai ko Gwanju ta Yamai ko ta Kano, yawanci ta Adis Ababa ko Istambul yake bi, kuma kamfanonin waɗannan birane, Ethiopian Airlines da Turkish Airlines, ba su taɓa sayen A380 ba. Ethiopian ya karɓi A350-1000 a ƙarshen 2024, na farko a Afirka. Abin da ya fi taɓa farashin tikiti a wajenmu shi ne yawan kamfanonin da ke gogayya a kan hanya. Air Afrique, wanda Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa shi a 1961, ya durƙushe a 2002. Air France ya daina zuwa Yamai a watan Agusta na 2023. Duk lokacin da kamfani ɗaya ya fita, waɗanda suka rage su ke yanka farashi.

Don haka shawara ga mai niyyar tafiya, mace ko namiji. Kafin ki miƙa kuɗin adashinki ga ajans, ki tabbata tana cikin waɗanda hukuma ta amince da su a wannan shekara, ki karɓi rasit, ki tambayi kamfanin jirgin da zai ɗauke ki da garin da za a tashi. Kai kuma ɗan kasuwa, kada ka tsaya ga farashin tikiti kaɗai. Tambayi kilo nawa aka yarje maka, nawa ne kuɗin kilon da ya ƙaru, awa nawa za ka jira a inda ake canza jirgi, domin araha ba ta ado. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu adashi suna da bakin magana idan suka haɗa kai, kuma wakilan jama'a da shugabannin ajans suna jin muryar taro fiye da ta mutum ɗaya.

Allah ya kai masu niyya, ya maido da su gida lafiya, ya sa albarka a kasuwa.