Sharhi: Tsakanin Mai Lema Da Jirgin Sama, Wa Zai Kauce Wa Wani?

A watan Nuwamban 2023 wata kotu a garin Montauban na ƙasar Faransa ta yanke wa wani matuƙin jirgi hukuncin ɗaurin talala na shekara ɗaya. Laifinsa shi ne kisan kuskure, domin a watan Yulin 2018 fiffiken jirginsa ya bugi wani mai wasan dirowa da lema jim kaɗan bayan fitarsa daga jirgin. Hukuncin ya sake taso da tambayar wanda ya cancanci a ba shi hanya a sararin sama.

Amurka, inda wasan ya bunƙasa, tana da doka da ta jera fifiko tsakanin jirage: wanda ke cikin haɗari shi ne kan gaba, sai balan-balan, sai jirgi marar inji. Ba a ambaci mai lema a jerin ba, kuma dalilin a fili yake. Kafin lemarsa ta buɗe, yana faɗowa ne da gudun kimanin kilomita 200 a sa'a, ba ya iya tsayawa, kuma da wuya matuƙi ya hango shi.

Saboda haka Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Amurka ta zaɓi raba su tun da wuri. Sashe na 105 na dokokinta ya haramta duk dirowar da za ta jefa jirage cikin haɗari. A sararin da jami'an kula da zirga-zirga ke sa wa ido, wajibi ne matuƙi ya tuntuɓe su ta rediyo aƙalla minti 5 kafin tsalle. Sauka a filin jirgi sai da izinin hukumar filin, da na hasumiya idan akwai. Wanda ba shi da izini zai iya ratsawa ne kawai da buɗaɗɗiyar lema, ƙafa 2,000 sama da hanyar da jirage ke kewayawa.

Matsalar ta fi tsanani a ƙananan filayen da babu hasumiya. A watan Maris na 2014, wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna ya sarƙafe da igiyoyin mai lema a irin wannan fili a jihar Florida, sai dai dukansu sun tsira da raunuka.

Rigakafi ya fi magani. Abin da ke tsare rayuka shi ne sanarwa kan lokaci, da ware wurin saukar lema nesa da titin jirgi, da yarjejeniya tsakanin matuƙi da fasinjojinsa kafin a tashi.