Shekara Saba'in Muna Kai Tuta, Zinariya Ko Ɗaya Babu

Duk bayan shekara huɗu a kan ɗinka wa tawagar Ghana kente, a ba wani tuta, a zaga filin Olamfik ana ɗaga hannu, mu kuma a gida mu yi tafi. Bayan mako biyu su dawo hannu rabbana, shugabannin wasanni su ce ai halartar ma kanta abin alfahari ce. Wannan magana ta ishe ni, ya kamata ta ishe ku.

Tun 1952 ƙasar nan ta fara zuwa, a birnin Helsinki, lokacin ana kiranta Gold Coast, Turawa ba su ma tafi ba. In ka cire 1956, da ƙauracewar 1976 da 1980, ba mu yi fashi ba. Me aka tara a tsawon wannan zamani? Lambobi biyar: azurfa ɗaya, tagulla huɗu. Kamaru, wadda sai 1964 ta fara zuwa, tana da zinariya uku: ta ƙwallon ƙafa a Sidni a 2000, da biyu da Françoise Mbango ta ci a tsallen taku uku a 2004 da 2008. Mace guda ta kawo wa ƙasarta sau biyu abin da Ghana duka ta kasa samu sau ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda lambobin nan biyar suka fito. Huɗu daga dambe ne. Clement Quartey ya ci azurfa a Roma a 1960, Eddie Blay tagulla a Tokiyo a 1964, Prince Amartey tagulla a Munich a 1972. Daga nan damben ya yi shiru shekara 49, sai a 2021 Samuel Takyi ya sake kawo tagulla daga Tokiyo. Ta biyar ita ce ta ƙwallo a Basalona a 1992, inda yaran Sam Arday suka doke Ostareliya da ci ɗaya, suka zama tawagar Afirka ta farko da ta hau mumbarin ƙwallo a Olamfik. Wato hanya a bayyane take ga mai ido. Allah ya ajiye mana baiwa a damtsen 'ya'yan talakawa, a Bukom da unguwanni irinta, inda ake atisaye a ƙananan rumfuna ba da wani kayan kirki ba. To, a Faris a 2024 ɗan damben Ghana ko ɗaya bai cancanci shiga ba. Tawagar duka ba ta kai mutum goma ba, kuma fitattun 'yan tserenta, irin su Benjamin Azamati da Abdul-Rasheed Saminu, jami'o'in Amurka ne suka goge su. Tuta tamu, ɗawainiya ta wasu.

Kada wani ya ce da ni babu kuɗi. A 2014 gwamnati ta loda tsabar dala miliyan uku a jirgi ta kai wa 'yan Black Stars har Barazil, duniya na yi mana dariya, aka kuma koro su tun zagayen farko. A watan Maris na 2024, 'yan watanni kafin Faris, bayan an gina katafaren filin Borteyman, aka karɓi baƙuncin wasannin Afirka a Akra. An yi ta buga ganga cewa mun tara lambobi fiye da sittin, amma ba a cika faɗin cewa fiye da rabinsu daga gasar murɗa hannu suka fito ba, wasan da babu shi a Olamfik. Ban raina masu murɗa hannu ba, sun yi abin a yaba. Masu amfani da su don rufe tsiraicin hukuma nake zargi.

Mu ma mutanen zango ba mu tsira ba. Mu ne jikokin masu dambe da kokawa, amma yau kowane uba a Nima da Mamobi da Aboabo burinsa ɗansa ya zama Mohammed Kudus. Kudus nawa ƙasa za ta haifa? Yara nawa ne ma suka san sunan Sulley Shittu, wanda ya ci zinariya a damben wasannin Kwamanwel a 1966, ya maimaita a 1970? Attajiranmu suna watsa kuɗi a gasar ƙwallon Sallah ta kwana uku, sarakunanmu suna zama a sahun gaba a ɗauke su hoto. Kuɗin rana ɗaya na irin wannan biki zai sayi safar dambe da buhun naushi, ya biya mai horarwa na watanni. Wasannin Los Angeles na 2028 suna tafe, kuma yaron da zai yi dambe a can ya kamata a ce tun tuni yana atisaye.