Aro ba ya tsufa ya zama gado

Da zarar damina ta faɗi, daga Maraɗi har Damagaram, fadar masu gari kan cika da ƙara iri biyu. Ga jikan da aka ara wa kakansa gona, yau ya ce gadonsa ce. Ga kuma wanda ya ja shinge ya toshe hanyar da maƙwabcinsa ke bi zuwa rijiya tun kafin a haife shi. Kowannensu da hujjarsa.

Mai riƙe da gona zai kawo hauzi: a fiƙihun Malikiyya, wanda ya yi shiru shekara 10 yana kallon bare na mora dukiyarsa, ba tare da uzuri ba, ƙararsa ta faɗi. Wani zai tuno jawabin Seyni Kountché na 1974, wanda ya bar gona a hannun mai noma ta. Ɗan boko zai jawo dokar Faransa mai wa'adin shekara 30. Amma suna tsallake wani sharaɗi: a fiƙihu da dokar Nasara duka, wanda ya shiga da izinin aro ba ya zama mai abu, ko da ya shekara 100.

To, wa zai shaida aron, alhali dattawan da suka halarta sun kwanta dama?

Nan ne laifin masu cewa rubutu tsakanin maƙwabta rashin kunya ne. Wannan kunyar ce ke kai jikoki gaban alƙali. Ita ce ta sa mai fili yau ya gwammace gonarsa ta kwana saura da ya ara wa talaka, ya kuma rufe hanya don gudun kada ta zama haƙƙi. Alheri ya koma abin tsoro.

Alhali magani na nan. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi hukumomin filaye, wato Cofo, masu ba da takardar shaidar aro, jingina, kyauta da sayarwa. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani ma kan rubuta bashi take magana. Wa ya fi Mahalicci sanin amana?

Malaman lakwal da ƙungiyoyin al'adu ke da harshen da ƙauye ke ji. Su fassara takardun nan da Hausa, su karanta su a dandali, kafin a kai iri gona.