Darasin Da Ke Cikin Zanen Dutse

A birnin Kansas na Amurka, cikin gidan ajiye kayan tarihi na Nelson-Atkins, akwai wani zane da ake jingina wa Li Cheng, mutumin ƙasar Sin, wanda ya rasu wajen shekarar 967. Da tawada aka yi shi bisa ƙyallen alharini. Muna ganin ya kamata mu koyi kallonsa.

A ƙasa ga rafi da gada, ga matafiya da rumfunan abinci. A tsakiya, bisa tudu, ga gidan ibadar masu zuhudu na addinin Buda da hasumiyarsa, itatuwa duk sun kaɗe ganye. Can baya kuwa duwatsu sun tashi tsaye, hazo ya rufe gindinsu, ruwa na gangarowa. Ido yakan fara daga hayaniyar hanya, ya hau sannu har ya kai inda ba kowa. Mutanen ciki ba su fi tururuwa ba. Watau mai zanen ya gwada mana ƙanƙantar ɗan'adam ba tare da ya furta kalma ba.

Wani zai ce, ai sura haramun ce. To, malamai da yawa sun rarrabe tsakanin surar mai rai da ta itace ko dutse, kuma duban halitta don tunani abu ne da aka umurce mu da shi. Wanda ya ji tsoro sai ya zana dutsen, ya bar mutanen.

Abin kunyar mu ne a nan. Wanda ya fita Gusau ta Damba, ya nufi Tsafe, ba shi rasa ganin Dutsen Kwatarkwashi na ƙasar Bunguɗu, wanda ya shahara da mikiya. Kullum muna wucewa, sai ka ce ba mu da ido. Su nawa ne cikinmu suka taɓa zama da alkalami su kwatanta yadda yake da damina, da yadda yake cikin hazon hunturu? Tsofaffin da suka san labarinsa suna ƙarewa, abin da ba a ajiye ba kuwa ɓacewa yake yi.

Tun da yake gobe mu ne malaman makaranta, lalle ne mu fara. Kowa ya komo hutu da zanen dutsen garinsu, da sunansa, da abin da dattawa suka faɗa a kansa. Ba a nemi gwaninta ba tukuna, gama da koyo akan iya. Allah ya buɗe idanunmu, amin.