Tuwonmu ma a auna shi: buƙatar da za mu kai wa 'yan takara

Don Allah a daure a karanta har ƙarshe, yau ba maganar anko ko rabon atamfa ba ce.

Watan jiya na raka yayata asibiti, aka tabbatar tana da ciwon suga. Aka miƙo mana takardar abin da za ta riƙa ci, rabin abincin da ke ciki ba mu taɓa ganinsa a kasuwar unguwarmu ba. Yaya ta ce wa ma'aikaciyar: "'Yata, malmala nawa ta tuwon dawa zan ci? Ɗanwake fa? Fura fa?" Baiwar Allah ta yi shiru, can ta ce, "Hajiya, ki dai rage." Wallahi ban ga laifinta ba. Ba ta da takardar da za ta duba ta ba da amsa.

Irin wannan takarda ita ake kira jadawalin sinadaran abinci. A cikinta ake rubuta abin da ke cikin giram 100 na kowane abinci: kuzari nawa, furotin mai gina jiki nawa, mai nawa, sinadarin ƙarfe mai ƙara jini nawa, bitamin A nawa. Kuma ba a zaune ake ƙirƙiro lambobin ba. Sai an sayo abincin daga kasuwanni daban-daban, a auna shi ɗanye, a dafa shi yadda mutanen wurin ke dafawa, a sake aunawa, sannan a kai ɗakin gwaji. Aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, ba ya zuwa da biki ko yanka kyalle, shi ya sa 'yan siyasa ba sa waiwayarsa.

Akwai waɗanda suka ba da shekarunsu a kai, kuma har da mata. Farfesa Henrietta Ene-Obong ta Jami'ar Kalaba ta jagoranci haɗakar masu wannan bincike na nahiyar Afirka, tana kuma cikin waɗanda suka yi aikin jadawalin Afirka ta Yamma na 2019 tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO. Na 2012 yana da abinci 472, na 2019 ya haura 1,000. Najeriya ma ta fitar da nata a 2017. Allah ya saka musu da alheri. Amma su kansu jadawalan nan, inda ba a samu awon gida ba, aro ake yi daga na wasu ƙasashe, ko a lissafa daga kayan haɗin girkin. To ku da kanku kun san geron da aka surfa aka bakace ba ɗaya yake da wanda aka niƙa da dusarsa ba. Kukar da aka shanya a inuwa daban take da wadda rana ta ƙone. Miyar gida mai daddawa da busasshen kifi daban, ta gidan da ba a samu ko ɗaya ba daban.

Na san wata za ta ce: "Hajiya, mutane na neman abin da za su sa a baki, ke kina maganar lambobi?" Gaskiya ne, mudu ya yi tsada. Amma ai lokacin da kuɗin cefane ya ƙaranta, lokacin ne uwa ta fi buƙatar sanin abin da zai fi amfanar yaro. Da ɗan kuɗin hannunta, awara za ta saya, ko ƙuli-ƙuli, ko biskit? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kashi 57 ne. Mata masu shekara 15 zuwa 49 kuwa, kashi 58 na da ƙarancin jini. Waɗannan ba baƙi ba ne, mu ne da 'ya'yanmu.

Ga misalin abin da awo ya koya mana. Gero, dawa da wake na da sinadarin ƙarfe, amma akwai wani abu a cikinsu da ke hana jiki tsotse shi sosai. Jiƙawa da barin kamu ya yi tsami na rage wannan abin, wato kokon iyayenmu da hikimarsa. Shan shayi tare da abinci na rage tsotsewar, lemun zaƙi, gwaba ko garin kwalba kuma na ƙara ta. Haka nan awo ne ke raba gaskiya da tallan masu lasifika. Zogale abinci ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin maganin asibiti.

Wannan magana ta siyasa ce tsantsa. Tun 2016 aka fara shirin ciyar da 'yan firamare na gwamnatin tarayya, mata da yawa cikinmu sun yi girki a ciki. Wa ya auna ko kwanon da ake ba yaro ya kai abin da jikinsa ke nema? In babu awo, ɗan kwangila ne zai ce ya isa, shi ke nan.

Don haka duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu, kansila ne, ɗan majalisa ne ko gwamna, bayan mun yi masa guɗa mu ajiye masa buƙatu uku:

*Na ɗaya,* a sa kuɗi a kasafin jiha domin jami'o'inmu su auna girke-girkenmu yadda muke dafa su: tuwo da miyar kuka, dambu, fate, ɗanwake, fura, kunun gyaɗa, kwaɗon rama.

*Na biyu,* a fitar da sakamakon da Hausa, da ma'aunin da muka sani, wato ludayi, gwangwani da malmala, a raba wa asibitocin unguwanni da wuraren awon ciki.

*Na uku,* duk abincin da gwamnati za ta saya wa makarantu da asibitoci, masanin abinci ya duba shi da wannan jadawali kafin a biya kuɗi.

Mu ma da namu aikin. Masu binciken nan ba za su san yadda ake tuƙa tuwo a ƙauyenmu ba sai mun nuna musu. Idan suka zo, mu buɗe musu madafi, kar a ce kunya. Shugabannin mata na mazaɓu, don Allah a sa wannan batu a taron wata mai zuwa, kowace mazaɓa ta rubuto girki goma da aka fi ci a yankinta, mu haɗa mu miƙa a rubuce.

Mu ne a layi tun asuba ranar zaɓe, mu ne kuma a bakin murhu. Yayata har yau tana jiran wanda zai gaya mata malmala nawa za ta ci.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuri'a. A tura wa sauran zaurukanmu.

Taku har kullum,
'Yar uwarku a reshen mata